Bodari ya fesa wa karenmu, jikoki kuma ba sa rabuwa da shi

Wani dattijo daga wajen Maigatari ya aiko da tambaya ta hannun ɗansa. Shi da mai ɗakinsa suna zaune a gidan gona, suna riƙon jikoki uku, suna da kaji da zabi da 'yan awaki, da kare guda mai gadi. Ga abin da ya ce: "Bayan sallar isha'i kare ya yi ta haushi a bayan rumbu. Can sai muka ji ya ƙwala kuka, ya sheƙo a guje yana birgima yana goga fuska a ƙasa. Warin da ya biyo shi ya hana mu ƙarasa tuwo. Na haska tocila, na ga wata 'yar dabba baƙa mai zanen fari ta bi ta ƙarƙashin danga. Mun wanke shi da omo har sau uku, wari yana nan, kuma da raɓa ta taɓa shi sai ya dawo sabo fil. Ƙaramin jikana ba ya rabuwa da karen nan. Yaya za mu yi?"

Baba, sannunku da haƙuri. Abin da ka haska bodari ne. Girmansa bai kai na kyanwa ba, nauyinsa bai cika wuce kilo ɗaya da 'yan kai ba, jikinsa baƙi da zane fari guda huɗu daga ƙeya zuwa gindin wutsiya, da farin tabo a fuska. Da dare yake yawo. In an takura shi sai ya juya baya, ya ɗaga wutsiya, ya feso wani ruwa mai maiƙo daga wasu 'yan jakunkuna biyu da ke gefen duburarsa. In abin ya ci tura ma yakan kwanta ya yi kamar ya mutu. Karenka ya matsa masa ne, shi ya sa ya samu a fuska.

Kafin mu zo kan wari, ka fara da abin da ya fi shi nauyi. Ka ɗaure karen a inuwa da rana tsaka, ka sa leda ko safar roba a hannu, ka buɗa gashin hancinsa da leɓɓansa da kunnuwa da ƙafafun gaba, ka duba ko akwai cizo ko yakushi. Feshin bodari ba ya ɗauke da ciwon haukan kare, ta yawu ake ɗaukarsa, wato ta cizo. Amma kare da ya kai har aka fesa masa a fuska, to ya kusanci haƙora. In ka ga rauni komai ƙanƙantarsa, ka wanke da sabulu da ruwa mai yawa, ka raba shi da yara tun daga ranar, ka nemi likitan dabbobi na ƙaramar hukuma. In karen yana da rigakafi za a ƙara masa wata allurar a sa masa ido. In bai taɓa samu ba, tsarewar takan ɗauki watanni, kuma likita ne zai yanke yadda za a yi. Na dage a kan wannan ne saboda jikanka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, sai dai haƙuri. Wari kuwa, ko ba a yi masa komai ba, zai gushe da kansa.

Sai idanu. Feshin yana da zafi, yakan sa ido ya yi ja ya yi ta hawaye. Ka zuba masa ruwa mai tsabta a hankali daga buta, ta gefen ido, na 'yan mintoci. In bayan kwana guda har yanzu yana runtse ido ko yana sosawa da ƙafa, a kai shi a duba.

Dalilin da omo ya kasa kuwa shi ne, abin da aka fesa masa mai ne, a cikinsa akwai sinadarai na dangin farar wuta, irin masu sa ruɓaɓɓen ƙwai wari. Hancin ɗan Adam yana jin su ko da ɗigo ne a cikin iska mai yawa. Da kuka fara kwara masa ruwa, sai man ya bazu daga fuska da ƙirji zuwa sauran jiki, ya shige can gindin gashi. Duk lokacin da laima ta taɓa shi sai ya sake tashi. Wanda bai sani ba dole ya fara da ruwa, don haka ba laifinku ba ne.

Maganin da na fi amincewa da shi daga Amurka ya fito. Can suna da wata dabba da suke kira sikank, kamanninta da ɗabi'arta kamar bodari, ko da yake masana sun raba su dangi. Tana iya fesa wa abu daga nisan mita uku, kuma karnukan gida suna yawan gamuwa da ita. Shekara da shekaru mutanen can suna yi wa karnuka wanka da ruwan tumatir, alhali ba ya kashe warin, hancin mai wankan ne kawai yake gajiya ya daina ji. A 1993 wani masanin sinadarai mai suna Paul Krebaum a jihar Illinois ya fitar da wani haɗi da ke sauya sinadarin mai warin ya koma wani abu marar wari, maimakon a rufe shi da ƙamshi. Kayan haɗin uku ne, kuma duk ana samunsu a garuruwanmu: ruwan haidirojin na wanke ciwo, wanda ake sayarwa a kemis, mai ƙarfin kashi 3 cikin ɗari, lita ɗaya; sai bekin soda na masu yin kek, cokalin cin abinci huɗu; sai sabulun ruwa na wanke kwanuka, cokalin shayi ɗaya.

A nan sai an yi hattara, don a wajen saye ake yin kuskure. Ka sa ɗanka ya karanta jikin kwalbar haidirojin. In an rubuta kashi 6, a surka shi da ruwa daidai wa daida, rabin lita da rabin lita. Sannan in ka aiki yaro ka ce ya sayo "soda", yana iya kawo maka sodar da mata ke yin sabulu da ita, wadda ke saɓule fata. Ka ce masa ta yin kek, a wajen masu sayar da kayan fulawa. Kada kuma a musanya da kanwa ko ruwan toka. Karen da bai fi matsakaici ba, in a gaba kawai aka same shi, rabin wannan awo ya ishe shi.

A haɗa a buɗaɗɗen bokiti, a yi amfani da shi nan take yana kumfa. Kada a jiƙa karen tukuna. A samu tsumma a riƙa tsomawa ana shafawa a inda warin ya fi ƙarfi, ana cuɗawa har ya kai fata. A fuska a bi a hankali da bakin tsumma, kada ya shiga ido ko baki ko cikin kunne. A bar shi minti biyar, mutum ɗaya yana riƙe da kan karen don kada ya lasa, sannan a ɗauraye sosai. In da saura a sake haɗa sabo a maimaita. Baƙin kare yana iya yin ja-ja-ja a gashi, wannan ba komai, sabon gashi zai fito. Abin da ya rage a bokiti a zubar. Kada Iya ta ce za ta ɗura a gora ta ajiye don gaba: haɗin yana fitar da iska, in an toshe shi gorar za ta fashe.

In kemis ya yi nisa, ka barbaɗa masa dusa a busasshen gashi ta tsotse man, ka kakkaɓe, ka shafa sabulun wanke kwanuka ba tare da ruwa ba, ka cuɗa, sannan ka ɗauraye. Sai an yi sau da yawa, kuma ba zai kai haɗin can ba, amma zai rage.

Ina roƙonka da girman Allah kada wani ya ba ka shawarar kalanzir ko fetur ko bilic ko fiya-fiya. Na taɓa zuwa wani gida aka nuna mini kare da aka yi wa wanka da kalanzir saboda irin wannan wari. Yana kwance a gindin turmi, fatar bayansa ta yi jawur tana ɗaɗɗayewa, gashi yana biyo hannu, ga ƙudaje sun yanyame shi. Yarinyar gidan tana tsugune tana kore masa ƙuda da mafici. Ya fi wata guda kafin ya warke.

Ka kuma sa masa ido na kwana biyu zuwa uku. Amai sau ɗaya ko dalalar da yawu a daren da abin ya faru ba abin tsoro ba ne. Amma likitocin dabbobi a Amurka sun ga karnuka ƙalilan da feshin sikank ya lalata musu ƙwayoyin jini bayan sun haɗiye shi da yawa. In ka ga ya yi laushi, ya ƙi abinci, dasashinsa ya yi fari ko ruwan ƙasa, ko fitsarinsa ya yi duhu, kada a jira.

Tufafi da tabarmar da ya goga, a jiƙa su da omo da ɗan bekin soda, a wanke daban, a shanya a rana kwana biyu. Haidirojin yana cin launin atamfa, kada a sa shi a kaya.

A ƙarshen saƙon an ƙara da tambayar uwargida. Ta ce 'yan tsakinta shida sun ɓace a wata guda, maƙwabciya ta ba ta shawarar ta sa maganin ɓera a cikin ƙwai ta ajiye a bayan rumbu.

Iya, na san zafin abin. Kajin nan su ne kuɗin sabulu da na makarantar allo, su ne abin yanka in baƙo ya sauka. Amma kada ki sa gubar nan. Ƙwan da kika ajiye, karenku ne zai riga bodari samunsa, in ba shi ba kyanwa, kuma gidan da yaro ɗan shekara uku yake yawo yana tsince-tsince, ba a ajiye guba a ƙasa. Sannan ba lallai bodari ne ɓarawon ba. Shirwa da shaho da rana suke sura, muzuru yakan ɗauke kaza sukutum, gafiya da maciji suna cin ƙwai da tsaki. Bodari yana taɓa tsaki da ƙwai in ya samu hanya, ban wanke shi ba, amma yawancin abincinsa ɓeraye ne da ƙwari da ƙadangaru da 'yan macizai. Abin da ya kai shi bayan rumbunku, ɓerayen da ke cin hatsinku ne. Ni dai a ganina manomi ya fi riba da shi a raye, a wajen danga.

Akurki za a gyara. Ki duba shi da rana daga ciki: duk inda haske ya shigo ta ramin da yatsu uku za su shiga, to ƙofa ce. A toshe da laka ko siminti, a sa wa tagogin iska waya mai ƙananan idanu, wadda ba ta wuce rabin inci ba. In a ƙasa akurkin yake, a binne wayar kamu ɗaya da rabi a kewaye, don masu tono. Ƙofa ta zama ta katako ko langalanga mai sakata, a bar jingina faifai da dutse. A rufe kaji da magariba, a kwashe ƙwai kullum, kaza mai tsaki a kifa mata kwando mai nauyi a cikin akurkin. A share zubabben hatsi a gindin rumbu, a ɗauke tarin kara da itace daga jikin danga. In ɓera ya ragu, mai bin sa ma zai rage zuwa. Karen kuma a riƙa ɗaure shi da dare kusa da akurki na mako biyu, haushinsa ya isa kora, ba sai ya bi cikin duhu ba.

Na dawo kan jikan nan, don shi ne ya fi tsaya mini a rai. Yaran da ke hannun kakanni sun fi sakewa, abin sha'awa ne, amma ƙafar kaka ba ta kai ta jika sauri. Ku yi wa karen rigakafin hauka: ana farawa tun yana wata uku, ana sabuntawa duk shekara, a karɓi katin a adana. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin wannan allura, kuma a kewayen ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da ciwon a duniya, akan yi gangamin rigakafi a wurare da dama, sai ku sa kunne. A ba shi maganin tsutsar ciki duk wata uku, a cire masa kaska, a ware masa kwanonsa, yara su wanke hannu kafin su zauna cin abinci.

Sannan ku tara su ukun, Baba, ka faɗa musu da bakinka cewa duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa, na gida ko na waje, ya zo ya faɗa, ba za a doke shi ba. Yara da yawa suna ɓoye cizo don tsoron bulala, su ja riga su rufe, sai bayan wata biyu ko uku ciwo ya tashi. In ya faru, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana minti 15 cur, a duba agogo, kada a ɗaure da tsumma ko a sa gashin karen a kan raunin, a tafi asibiti a ranar. Allurar ba ɗaya ba ce: akwai ta ranar farko, da ta kwana 3, da ta kwana 7, da abin da ma'aikacin lafiya ya ƙara. Karen da ya yi cizon kuma kada a kashe shi ko a kore shi, a ɗaure shi kwana 10 ana ba shi abinci da ruwa, likitan dabbobi yana dubawa.