Yaron da ke mayar da magana: me ake nufi da ekolaliya?

Wata uwa daga Ƙaura Namoda ta rubuto cewa ɗanta mai shekara 4, in aka ce masa "Kana shan kunu?" sai ya ce "Kana shan kunu?" Likita ya kira abin ekolaliya, ya kuma ambaci otizim, wato larurar da ke shafar yadda yaro ke magana da cuɗanya da mutane. Tana son jin ma'anar da Hausa.

Malama, kalmar daga Girkanci take, kalma biyu aka haɗa: "eko", wato amsa-kuwwa, da "laliya", wato magana. Wanda ya taɓa ƙwala kira a gindin dutsen Kwatarkwashi muryarsa ta dawo masa, ya san tushen. Ni dai "amsa-kuwwar magana" nake ce mata. Na ji masu cewa "maganar aku", kuma raina ba ya so, don da an ce aku an riga an yanke cewa babu nufi a cikin maganar.

Akwai nufi kuwa. Duk yaro da kwaikwayo yake koyon baki, yawanci ya bari wajen shekara 3. In abin ya zarce, ga ƙin haɗa ido, ga rashin waiwayowa in an kira sunansa, shi ne likitoci ke tunanin otizim. Tun 1943 Leo Kanner, likita a Amurka, ya lura da haka cikin yara 11 da ya bayyana. Wani nan take yake mayarwa, wani sai bayan kwanaki ki ji ya ɗauko tallar rediyo da muryarta sak. Kanner ya ga har wakilin suna, irin su "ni" da "kai", yaran ba sa juyawa. Yaro zai tsaya gaban randa ya ce "Kana son ruwa?" alhali ƙishirwa ce ta kama shi. Jimlar da ya saba ji kafin a miƙo masa moɗa ya ɗauko ɗungurungum.

Amsa-kuwwar magana kaɗai ba ta tabbatar da otizim, kuma ba shafar aljanu ba ce, kada a wahalar da yaro da hayaƙi. Ki koma wa likitan yara, ko a asibitin tarayya na Gusau, a duba har da jinsa. A gida kuma ki rage yi masa tambaya. In kin miƙa kofin kunu ki ce "Ina son kunu", ki ɗan yi shiru ki ba shi lokaci ya ɗauka.