Tambayi Likita: Ba a barin metadon dare ɗaya

Likita, ɗana ya zo mana Makka daga Ingila. Can an ɗora shi kan metadon, maganin da ake ba masu barin muguwar ƙwaya, bayan ya bar heroyin, amma ya jefar da maganin wai zai yi Umra da jiki mai tsarki. Kwana biyu lafiya lau, na uku ya kwanta. Ko sammu ne? (Wata uwa, Shara Mansur)

Hajiya, ba sammu ba ne, jikinsa ne ke neman abin da ya saba da shi. Metadon yana daɗewa a jini, sai ya yi kamar awa 24 zuwa 36 kafin rabinsa ya fita, shi ya sa ciwon ya yi jinkirin zuwa. Na san abin da kike gani: hamma ba iyaka, hanci na yoyo, tsigar jiki na tashi cikin zafin Makka, ciki na murɗa, ƙafafu sun ƙi zama wuri ɗaya har asuba. Ciwon barin heroyin yakan lafa cikin kwana goma, na metadon kuwa yana iya kai mako uku.

Niyyarsa kyakkyawa ce, kuma tana taɓa min zuciya. Amma metadon magani ne, tun 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin muhimman magunguna. Mai son rabuwa da shi, likita ke rage masa kaɗan-kaɗan, kamar kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari duk mako ɗaya ko biyu, wani har watanni. Ki kai shi asibiti yau da takardun maganinsa. Kafin nan ki riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari, don amai da gudawa na ƙarar da ruwan jiki.

Mako huɗu ke nan da na daina metadon, amma barci ya gagare ni. Zan iya shan adadin da na saba, sau ɗaya tak? (Wani direba, Jidda)

Ɗan'uwa, don Allah kada ka yi. Wannan tambayar ta fi tayar min da hankali. Jikinka ya riga ya manta da maganin, adadin da kake ɗauka a da yanzu yana iya tsayar maka da numfashi kana barci, balle in ya haɗu da ƙwayar barci. Rashin barcin yakan ja lokaci, amma yana wucewa, kuma likita na da abin da zai taimaka maka da shi. Ka gaya wa na kusa da kai: in suka ga kana minshari mai nauyi, leɓe ya canza launi, ba ka farkawa, su kira 997, layin motar asibiti, nan take. Allurar naloksan, mai karya ƙarfin irin wannan maganin, tana farfaɗo da mutum in an kai gare shi da wuri.

In na kai ƙanena asibiti, ba za a kama shi ba? (Daga Madina)

Dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Saudiyya ba ta gurfanar da wanda ya kawo kansa neman magani, ko danginsa suka kawo shi, muddin ya miƙa abin da ke hannunsa. Ku kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya, su nuna muku asibitin Irada mafi kusa, wato asibitin masu son barin shaye-shaye.