Ƙafafun ɗana sun kumbura bayan yaye

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ɗana yana da wata 19. Wata uku ke nan da na yaye shi saboda na samu ciki, kakarsa ta ce nonon mai ciki cutar da yaro yake yi. Tun daga nan koko yake sha safe da yamma, sai ɗan tuwo. Yanzu ƙafafunsa da kumatunsa sun kumbura, gashinsa ya yi ja yana zuba, ya daina wasa. Maƙwabta na cewa ƙiba ce, amma hankalina ya ƙi kwanciya.
Wata uwa daga Funtuwa

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Gara da hankalinki bai kwanta ba. Ɗauko shi yanzu, ki danna babban yatsanki a bayan ƙafafunsa duka biyu, ki ƙirga uku a hankali, ki ɗaga. Idan gurbin yatsa ya tsaya bai koma ba, ruwa ne ya taru, ba ƙiba ba. Tamowa ce mai tsanani, wadda likitoci ke kira kwashiyoko. Sunan daga harshen Ga na Ghana yake, ma'anarsa ciwon da ke kama yaro idan an yi masa ƙani, likita Cicely Williams ce ta shigar da shi littattafan likitanci a 1935.

Kada ki kwana ba ki kai shi asibiti ba, kuma kada ki ce za ki ɗura masa abinci a gida don ya murmure, jikinsa ba zai ɗauka ba. Za su auna damtsensa da wata igiya mai launi uku, ja yana nufin ƙasa da santimita 11.5, wato tamowa mai tsanani, amma kumburin kaɗai ya isa a karɓe shi. In ya ƙi cin abinci, ko yana zazzaɓi, ko kumburin ya yi tsanani, kwantar da shi za a yi, a riƙa ba shi madara ta musamman kaɗan-kaɗan. In yana ci kuma babu waɗannan matsaloli, za a ba ki abincin nan na leda mai gyaɗa da madara. Magani ne, nasa ne shi kaɗai. Raina yana ɓaci idan na ga an raba wa yayyensa, ko an kai kasuwa.

Bayan ya warke, ki gyara kokon. Tsululun koko cika ciki kawai yake yi, ga cikin yaro ɗan mitsitsi. Ki dama da kauri yadda ba zai zube daga cokali ba, ki zuba dakakken ƙuli-ƙuli da cokalin man gyaɗa ko manja. Ki soya gero da waken soya da gyaɗa, a niƙa tare, ki riƙa dama masa. Wake, alala, busasshen kifi, zogale, duk ki ba shi, har da ƙwai, maganar wai yana sa yaro sata ba ta da tushe. Sau biyar a rana, kuma a kwanonsa daban, don in aka haɗa shi da yayye kafin ya kai loma biyu sun suɗe kwano.

Ita kuwa kaka, ki tafi da ita asibitin, ta ji daga bakin ma'aikaciya cewa ciki ba ya lalata nono. Ke ma ki riƙa cin abin da kike dafa masa, tunda kina da juna biyu.