Ga ƙanwarmu da ta ce tana karatu amma ba ta ga canji ba

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Kin ce kina karanta Littafi Mai Tsarki kowace safiya, ba kya fashin sujada, amma da wahala ta taso sai fushi da tsoro su dawo miki kamar ba ki taɓa buɗe shi ba, har kina tambaya ko kina girma kuwa. Ni ba matar fasto ba ce, hatsi da shinkafa nake aunawa a kasuwar Wadata nan Yamai. Abin da ya same ni kawai zan gaya miki.

A Galmi na tashi, can jihar Tahoua, inda asibitin mishan yake tun 1950. Ayoyi kam mun haddace su a makarantar Lahadi. Yakubu 1:22, mai cewa mu zama masu aikata maganar ba masu ji kawai ba, ko daga barci aka tashe ni zan kawo ta. Amma sai da na haura arba'in kafin wata aya ta ci mini kuɗi.

Kin tuna bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ƙaƙaba mana takunkumi, aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wuta. Shinkafar da ke biyowa ta Kwatano ta yi wuya, kuɗin buhu kullum sai sama. A lokacin tiya biyu gare ni. Ɗaya lafiyayya, da ita nake saye. Ɗayar an ɗan bubbuga gindinta ya shige ciki, ido ba ya gani sai an kifa ta, da ita nake sayarwa. Ba ni na ƙirƙiro ba, haka na gaje ta wurin wadda ta koya mini sana'a, kuma ban taɓa kiran abin sata ba. Dabarar kasuwa nake ce masa.

Wata Alhamis a zumuntar mata aka ba wata yarinya karatu, tana yi tana tuntuɓe, ta kai Maimaitawar Shari'a 25:14, inda aka hana mutum ajiye mudu iri biyu a gidansa, babba da ƙarami. Ba wanda ya dube ni, ba ma kan ciniki ake magana ba. Ni dai zufa ta karyo mini. Mako uku ina ciniki da Ubangiji: bari a buɗe iyaka tukuna, bari in biya kuɗin makarantar autana. Da na jira iyakar da na sha zama, don ta Benin ko bayan ɗage takunkumi a Fabrairun 2024 ba ta buɗe ba. Wata safiya na ɗauke tiyar na kai gida, na zuba wa kaji ruwa a ciki.

Kada ki ce daga nan kuɗi suka zubo. Ba su zubo ba. Kowane buhu ya rage mini riba, kuɗin makarantar ma sai da aka aiko mini takarda sau biyu. Shi ya sa masu wa'azin nan da ke cewa ka yi biyayya yau gobe ka ga ninki ba sa burge ni. Abin da ya canza shi ne addu'ata. Da can ina roƙon abincin yini da baki, amma zuciyata ta san a kan lotsattsiyar tiya ta dogara. Da ta tafi, ba ni da wata madogara sai Shi, a nan na fara roƙo na gaske, da kuka wani lokaci.

Mai wuyar ma na gaba. Labarin Zakka a Luka 19 ya hana ni sakat, shi da ya ce zai mayar wa waɗanda ya cuta ninki huɗu. Ni ban iya ninki huɗu ba. Na dai samu wata Hajiya da ta shekara goma tana saye wurina, na faɗa mata gaskiya, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta yi dariya ta ce, “Maman yara, ai na daɗe da sani, tiyar gidana ba ta cika da awonki.” Ta ce su ma a addininsu tauye mudu babban laifi ne. Shekara goma tana kallona da gicciye a wuya!

Game da fushin da kika ce yana dawowa, ni ma nawa bai mutu ba. Ran 17 ga Janairun 2015 da aka ƙona majami'u a Yamai, kwana ɗaya bayan na Damagaram, na ga wani yaron unguwarmu cikin masu jifa, kamar yadda wani maƙwabcinmu Musulmi ya ɓoye yarana a ɗakinsa har dare. Romawa 12:20 ta ce in maƙiyinka yana jin yunwa ka ciyar da shi. Uwar yaron tana karɓar gero bashi wurina, ina ba ta, amma har yau in ya gaishe ni sai na haɗiye wani abu kafin in amsa. Da can ko amsawar ba na yi.

Don haka rage yawan surorin in ya kama. Ɗauki aya ɗaya wadda kin san tana nuna ki da yatsa, ko ta bashi ce, ko ta harshe, ko ta wadda kuka daina gaisawa. Ki faɗa wa mace ɗaya mai riƙon amana a zumuntarku, ki ce ta tambaye ki ran Lahadi ko kin yi. Ni tawa wata tsohuwa ce daga Dogonduci, ba ta da sassauci ko kaɗan. Makon jiya ma sai da ta biyo ni rumfa, ta kifa tiyata ta shafa gindinta kafin ta zauna.