Tambaya da Amsa: Sabuwar Bindiga da Harsashin Haɗin Hannu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Texas ta Amurka, ina zuwa filin wasan harbi. Na sayi sabuwar bindiga mai sakata, mai cin harsashin .308 Winchester, da kayan haɗa harsashi da hannu kamar yadda abokan wasana suke yi. Na haɗa kala biyar, na harba uku-uku a yadi 100. Wani kala ya taru wuri guda kamar kwabo, na ce na dace, amma da na koma bayan mako sai ya warwatse har inci biyu. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kuskuren ba daga harsashin ya fara ba, daga shaidar da ka karɓa ne. Harbi uku ba ya isa a yanke hukunci a kansa. Ko bindigar da ba ta da kirki, idan ka yi ta harba mata uku-uku, wata rana uku za su faɗa rami ɗaya don sa'a kawai. Warwatsewar inci biyun nan ita ce ainihin halin wannan haɗin, tarin farko kuwa dace ne.

Kafin ka sake taɓa albarushi, duba bindigar kanta. A ɗaure kusoshin da ke riƙe ƙarfe da kota daidai ƙarfin da kamfanin ya rubuta, haka na madubin saiti. Kusa ɗaya da ta saki ta isa ta ɓata aikin wata guda. Sannan ka sayi akwati guda na harsashin gasa na kamfani, ka harba 20 a kan buhun yashi gaba da baya, ka auna. Wannan shi ne ma'auninka: haɗin hannun da bai fi shi ba, wahala ce kawai. Masu harbi suna auna taruwar huda da MOA, wato inci 1.047 a yadi 100, kusan santimita 2.9 a mita 100. Bindigar farauta da ke riƙe MOA ɗaya a harbi goma ta yi kyau ƙwarai. Ka kuma sani cewa sabon bututu yakan ƙara gudu kaɗan a harbi ɗari na farko, don haka kada ka rufe littafi a kan abin da ka gani a makon farko.

Sai kwanso, wato ƙoƙon tagullar da ke ɗauke da albarushi da ƙwayar harsashi. Ka yi aiki da na kamfani ɗaya, zubi ɗaya. Kaurin tagulla ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma kwanson soja na 7.62 yakan fi kauri, cikinsa ya fi ƙunci, saboda haka awon albarushi ɗaya yana ba da matsi mafi girma a cikinsa. Tsawon kwanson .308 bai kamata ya wuce inci 2.015 ba, ana datse shi zuwa 2.005. Idan ya yi tsawo, bakinsa yana shiga maƙogwaron bututu ya shaƙe ƙwayar harsashi, matsi ya hau ba tare da ka ƙara komai ba. Wajen mayar da kwanson da aka harba cikin siffarsa, a tura kafaɗarsa baya da kamar inci 0.002 kawai, yadda sakata za ta rufe ba gardama.

Nauyin ƙwaya kuma yana bin murɗin tsagar da ke cikin bututu. Ka sa tsumma mai tsauri a sandar goge bututu, ka yi mata alama, ka tura a hankali ka ga inci nawa take tafiya kafin ta juya sau ɗaya. Juyi ɗaya a inci 12 yana riƙe ƙwaya mai nauyin giren 150 zuwa 168 lafiya (giren shi ne ma'aunin nauyin ƙwaya da albarushi). Idan kana son 175 ko fiye, juyi ɗaya a inci 10 ya fi kwanciyar rai. Ƙwayar da murɗi bai ishe ta ba za ka gan ta a takarda: hudar ba ta fita da'ira, tana yin tsawo kamar ramin makulli.

A kan awon albarushi ba za mu buga maka lamba ba, kuma kada ka karɓi lamba daga bakin aboki. Ka ɗauke ta daga littafin awo na kamfanonin da ke gwaji da na'urar matsi, irin su Hodgdon, Hornady ko Lyman, a layin da ya dace da ƙwayarka da albarushinka ƙwaƙ. Hukumar SAAMI, mai tsara ƙa'idojin bindiga da harsashi a Amurka, ta sa iyakar matsin .308 a 62,000 na ma'aunin matsi na psi, kuma ba ka da abin auna wannan a gida. Ka fara daga awon farawa na littafin, ka riƙa hawa da giren 0.3, ka tsaya kafin iyaka. Giren ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin goma sha biyar na giram ba, don haka sikelinka yana bukatar gwaji da dutsen awonsa kowace rana, nesa da fanka. Kada kuma ka sauka ƙasa da awon farawa da sunan taka-tsantsan, wannan ma yana da nasa haɗarin. Gwangwanin albarushi ɗaya tak a kan tebur. Albarushin ƙaramar bindiga yana ci da sauri ƙwarai, idan ya shiga kwanson .308 bisa kuskure bindigar fashewa take yi a fuskar mai ita. Kafin ka ɗora ƙwaya, ka jera kwansunan ka haska tocila cikin kowanne, ka ga tsayin albarushi daidai yake.

Bayan kowane harbi ka ɗauki kwanson ka juya gindinsa. Furaima, wato ɗan maɓallin da allura ke bugawa, tana da gefe mai lanƙwasa. Idan ta baje ta cika raminta, ko gefen hudar allura ya tashi kamar bakin tukunya, ko ka ga tabo mai sheƙi a kan rubutun gindin, ko sakata ta yi nauyi wajen ɗagawa, ka tsaya nan take ka kwance sauran. Waɗannan alamu ba sa zuwa da wuri. Sau da yawa lokacin da suka fito ka riga ka wuce iyaka.

Ranar gwaji, ka haɗa biyar-biyar na kowane awo, amma kada ka ƙare kala ɗaya kafin ka shiga na gaba. Ka harba ɗaya daga kowane kala a nasa allon, ka zagayo, domin zafin bututu da iska da gajiyarka su rabu a kan kowa daidai. Minti biyu tsakanin harbi. Na'urar auna gudun harsashi tana da muhimmanci a nan: idan gudun ya wuce abin da littafi ya nuna ga tsawon bututu irin naka, matsi ma ya wuce. Abin nema shi ne gudu mai kama da juna, ba mafi sauri ba.

Idan ka zaɓi awo biyu mafiya kyau, sai ka taɓa zurfin zaman ƙwaya, shi kaɗai, sauran a bar su yadda suke. Ka fara da tazarar inci 0.020 tsakanin ƙwaya da farkon tsaga, ka riƙa ja da baya. Manna ƙwaya a jikin tsaga yana ɗaga matsi. Ka auna daga kafaɗar ƙwaya, domin tsininta ba ya fita daidai daga inji. Gidan harsashi na yawancin waɗannan bindigogi ba ya ɗaukar abin da ya wuce kusan inci 2.800. A ƙarshe wanda ya yi fice ka harba shi 20 a rana biyu daban. Kuma tunda Texas kake, abin da ka haɗa a sanyin Janairu ka sake gwada shi daga ƙasa a zafin Agusta, kada ka bar akwatin harsashi a rana.

Tambaya: Sau nawa za a iya sake amfani da kwanso ɗaya?

Amsa: Ba a ƙirga masa da lamba, duba shi ake yi. Ka miƙe ƙaramar waya ka lanƙwasa bakinta, ka zura ciki ka goga bangon kusa da gindi. Idan ta maƙale a wani kwari, ko ka ga zobe mai haske a waje daidai wurin, kwanson yana shirin rabuwa biyu, a jefar. Haka wanda furaima ta shiga raminsa ba tare da ƙarfi ba, da wanda wuyansa ya tsage. Yawan tura kafaɗa baya shi ke kashe kwanso da wuri.

Tambaya: Ni mafarauci ne a jihar Bauchi. Zan iya yin irin wannan haɗin a gida, ko in zuba albarushin harsashin kanti a bindigar gargajiya?

Amsa: A'a, Malam, duka biyun. Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ta hana ƙera ko haɗa bindiga da harsashi ba tare da izinin hukuma ba, kuma lasisin riƙe bindiga bai ba mutum wannan izinin ba. Aikin masana'antu ne irin DICON, masana'antar makamai ta gwamnati da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1964. Abin da muka bayyana a sama na ƙasashen da dokarsu ta yarda da shi ne. Na biyun kuwa muna roƙonka da girman Allah ka bar shi, ka kuma faɗa wa abokan farautarka. Bindigar gargajiya an yi ta ne don baƙin albarushi mai hayaƙi, wanda matsinsa kaɗan ne. Albarushin harsashin zamani yana ba da matsi ninki-ninki, kuma bututun da maƙeri ya yi, sau da yawa daga bututun ruwa ko sandar sitiyarin mota, ba zai ɗauka ba. Yana tsagewa ne ta gindi, daidai inda hannun hagu da idon mai harbi suke.