Mai gida ya ƙi gyara rufi, ko mu riƙe kuɗin haya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu iyalai uku ne muke haya a gida ɗaya a Garwa, ƙasar Kamaru. Tun daminar bara kwanon rufin yake yoyo, bangon ɗakin baya ya tsage har ana hango haske, amma kullum mai gida sai ya ce mu ƙara haƙuri. Maƙwabtana sun ce mu riƙe kuɗin haya har ya gyara. Doka ta yarda? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kada ku riƙe kuɗin da kanku, domin yin hakan zai iya mayar da mai gaskiya mai laifi. Sashe na 322-1 na dokar hukunta laifuka ta Kamaru ta 2016 ya tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 3, da tarar sefa 100,000 zuwa 300,000, ko ɗaya daga cikin biyun, ga ɗan hayar da yarjejeniyarsa take da rajista, ake binsa wata biyu, kuma bai biya ba bai tashi ba wata guda bayan an kai masa takardar gargaɗi.

Gyaran kuwa haƙƙinku ne. Sashe na 1719 da na 1720 na dokar mu'amala sun ɗora wa mai gida kula da gida yadda zai zaunu. Ƙananan abubuwa, kamar kwaɗon ƙofa ko gilashin taga da ya fashe a hannunku, naku ne, amma rufi da bango nasa ne.

Ku fara da jauro, wato mai unguwa, domin sau da yawa kunyar dattawa takan yi abin da sammaci bai yi ba. Idan ya ƙi ji, ku haɗa kuɗi ku ɗauki jami'in shari'a da ake kira wisiye, ya zo ya ga tsagar da idonsa, ya rubuta rahoto, sannan ya kai wa mai gida takardar neman gyara da wa'adi a ciki. Zai fi kyau ya zo bayan an ɗauke ruwa, ɗakin yana jiƙe.

Wa'adin na cika, ku shigar da ƙara tare a kotun matakin farko ta Garwa. Alƙali yana iya tilasta masa gyaran, ko kuma, bisa sashe na 1144 na dokar mu'amala, ya ba ku izini ku gyara a kan kuɗinsa. Ku je da yarjejeniyar haya, da rasit na kowane wata, da hotunan rufin. Wanda yake biya hannu da hannu ya fara karɓar rasit tun wannan watan.