Amsar Kawu kan cocin da jama'a ke ɗaga hannu a kan fastonsu

Ɗiyata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya karatu, ya sanyin Massachusetts? Saƙonki ya iso. Kin ce dattijuwar da kike zaune a gidanta ta tafi da ke taron shekara na cocinsu a Northampton, kika ga ana ɗaga hannu a kan albashin fasto da kuɗin gyaran rufi, shi kuwa faston yana gefe yana saurare. Kina tambaya ko raini ne irin na zamani ko kuwa al'ada ce. Sun kuma gayyace ki cin abinci, kina so ki san yadda za ki yi.

Al'ada ce, ta ma girmi Amurka a matsayin ƙasa. Turawan da suka kafa garuruwan yankin nan 'yan Furitan ne, sun baro Ingila saboda sun gaji da bishop da sarki suna naɗa musu shugabannin ibada. A ɗarikarsu ta Congregational, mutanen gari ne ke taruwa su ƙulla alkawari tsakaninsu da Allah da kuma junansu, wannan alkawarin shi ne ikilisiya. Su ke kiran fasto, su ke biyansa, su ke sallamarsa. Sun rubuta tsarin a garin Cambridge na Massachusetts a 1648. An kafa Northampton a 1654 a ƙasar mutanen Nonotuck, 'yan asalin wurin, aka ƙulla ikilisiyarta a 1661.

Ginin da suke ibada a ciki, a nan kuma suke taron gari: maganar hanya, gada, makaranta da haraji. Albashin fasto daga harajin gari yake fitowa, ko kana ɗan ikilisiya ko ba ka ciki, kuma Massachusetts ba ta daina wannan ba sai 1833. Ran Lahadi wa'azi biyu ake yi, safe da rana, a ɗakin da ba a hura wuta. Mata kan zo da ɗan akwatin ƙarfe mai garwashi su ɗora ƙafa a kai, akwai kuma mai doguwar sanda yana zagayawa yana tashin masu gyangyaɗi.

Kada ki ɗauka kowa daidai yake a wurin. Maza kaɗai ke da ƙuri'a. Kwamiti ne ke raba wuraren zama, kuma da suka gina sabon ɗaki a 1737 sai suka sa dukiya gaba da shekaru. Wannan yana min ciwo, a ce tsoho ya zauna bayan yaro don yaron ya fi shi gona. Bayi baƙaƙe kuwa can sama ko can baya ake ajiye su.

Idan kina so ki san ɗaga hannun nan ba wasa ba ne, ki ji abin da ya sami Jonathan Edwards, tsohon faston cocin nan. Kakansa Solomon Stoddard ya riƙe cocin kusan shekara sittin, ya buɗe ƙofar Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ruwan inabi a coci don tunawa da Yesu, ga duk mai baftisma da ba a san shi da mugun hali ba. Edwards ya zo mataimakinsa, aka naɗa shi a 1727, ya gaje shi a 1729. A farkawar addini ta 1734 zuwa 1735 mutum kusan 300 suka tuba a hannunsa, sunansa ya kai har Ingila da Scotland. Daga baya ya ce shi bai yarda da tsarin kakansa ba, sai wanda ya furta bangaskiyarsa da gaske zai ci jibi. Dama akwai tsohon miki: a 1744 ya karanta sunayen wasu samari a gaban jama'a kan wani littafin ungozoma da suke yawo da shi suna batsa, bai raba masu laifi da shaidu ba, ya ɓata wa manyan gidaje rai. Ga kuma jayayya kan albashi. Ran 22 ga Yuni 1750 aka sallame shi. Mutum 23 kacal suka tsaya masa, sama da 200 suka ce ya tafi.

A ganina sun yi gaggawa, sun saki babban malami. Amma haƙƙinsu ne. Ya yi wa'azin ban kwana, har ya ci gaba da hawa mumbarinsu wasu ranakun da ba su sami wani ba, kafin ya koma Stockbridge cikin Mohikan, wata ƙabilar 'yan asalin Amurka, a 1751. Ya rasu a 1758, jim kaɗan bayan ya zama shugaban kwalejin da ta zama jami'ar Princeton. Ki kuma sani ya mallaki bayi, a 1731 ya sayi wata yarinya mai suna Venus a Newport. Ba na son a ba ki labarinsa a tsallake wannan.

Ginin dutsen da kika shiga na 1878 ne, kuma yau mata na da ƙuri'a, ana ma naɗa su fastoci.

Batun abinci kuwa, ki je. Maƙwabtaka ce. Kowa kan zo da abin da ya dafa a gida a jera a dogon tebur, don haka kada ki je hannu rabbana, ki yi musu dambun shinkafa ko ki soya ƙosai, ki rage barkono. Ki tambayi abin da aka sa naman alade ko giya ba tare da jin nauyi ba, sun saba da irin wannan tambayar. Idan sun yi addu'a kafin ci, ki natsu har su gama, ki yi bismillarki. In an zo ƙuri'a ki bar hannunki a ƙasa, ta 'yan ikilisiya ce. In an tashi ki taya su wanke kwanuka.

Gwaggonki na gaishe ki, ta ce ki kira ta ran Juma'a. Ki gaishe min da dattijuwar.

Kawunki